Kafin Mu Kashe Hita Mu Taho Gida Hutu

Rubutunmu na wannan makon na 'yan zauren nan ne da karatu ko neman abinci ya kai Ingila, Kanada da Amurka, da kuma mu da muke da ƙanne ko 'ya'ya a can.

Mun tashi a ƙasar da ko hunturu ya kai maƙura, ƙarshenta leɓe ya tsage, a hura wuta a tsakar gida. Ko a Jos ba mu saba jin ruwan famfo ya daskare a cikin bututu ba. Shi ya sa idan ɗanmu ya sauka ƙasar sanyi muke nuna masa masallaci da shagon naman halal da inda ake samun garin tuwo, amma babu mai nuna masa inda ake kashe ruwan gidan da ya kama haya. A ganinmu wannan sakaci ne, kuma sakaci mai tsada.

Ruwa yana daskarewa a digiri 0 na ma'aunin Salshiyas, idan ya zama ƙanƙara kuma girmansa yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100. Da zarar ƙanƙara ta toshe bututu, ruwan da ya maƙale tsakaninta da rufaffen famfo ba shi da wurin zuwa, sai matsi ya yi ta hauhawa har bututun ya tsage. Sau da yawa ba a ganin ɓarnar nan take, domin ƙanƙarar ta toshe tsagar. Ranar da gari ya ɗan yi ɗumi ta narke, ranar ruwa zai ɓalle ta silin ko ta cikin bango.

Wanda yake ganin wasa ne ya tuna da jihar Tezas a watan Fabrairun 2021. Wuri ne da ba a saba da tsananin sanyi ba, gidaje da yawa ba a naɗe bututunsu ba. Sanyi ya sauka, wuta ta ɗauke wa gidaje da wuraren sana'a sama da miliyan 4, bututu suka yi ta fashewa, aka umarci miliyoyin mutane su riƙa tafasa ruwa kafin su sha. Hukumomin jihar sun ƙirga mutum 246 da suka rasu, cikinsu har da waɗanda hayaƙin gawayi da na janareto ya kashe a rufaffen ɗaki. Birnin Hustan, inda 'yan Najeriya suke da yawa, yana cikin wuraren da abin ya shafa.

Inda muka fi faɗawa tarkon shi ne watan Disamba. Ɗalibi zai taho gida hutu ko biki, sai ya kashe hita ɗungurungum don kada kuɗin gas ya taru, ya kulle ƙofa ya kama hanyar filin jirgi. Mun fahimci dalilinsa. Kuɗin makamashi ya yi tsada, ga 'yan uwa a gida suna jiran aike. Amma abin da zai tsira da shi na mako uku bai kama ƙafar kuɗin gyaran silin da kafet da kayan maƙwabcin da ke ƙasansa ba. Kamfanonin inshora da dama kuma suna iya ƙin biya idan ta tabbata an bar gida babu kowa, babu ɗumi, na tsawon lokaci, mai gidan haya shi ma zai waiwayi kuɗin ajiyar da aka ba shi.

Rigakafin ba shi da wuya. A bar hita a kunne ko da ƙasa-ƙasa, kada ɗumin gida ya gaza digiri 13. Bututun da ke gareji, ƙarƙashin rufi ko jikin bangon waje a naɗe su da soson da ake sayarwa don haka. A cire tiyon ban ruwa daga famfon waje, a tsiyaye shi. A daren da sanyi ya tsananta, a buɗe ƙofar kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke don ɗumin ɗaki ya isa ga bututu, a bar famfon da ya fi fuskantar sanyi yana ɗiga. Sama da komai, kowa a gidan ya san inda babban makullin ruwa yake. A gidajen Ingila galibi yana ƙarƙashin wurin wanke-wanken kicin. Idan tafiyar mai tsawo ce, a yi magana da mai gida, a rufe shi, a buɗe famfuna ruwan ciki ya tsiyaye.

Wani zai ce barin famfo yana ɗiga almubazzaranci ne, mu da aka hore mu da tattalin ruwa ko a wurin alwala. Gaskiya ne, sai dai ana iya tara bokiti a yi amfani da abin da ya taru, kuma ɗigon dare ɗaya bai kai abin da fasasshen bututu yake zubarwa cikin 'yan mintuna ba.

Idan kuma an wayi gari famfo ya ƙi kawo ruwa, kada a kusanci bututun da wuta. A buɗe famfon, a ɗumama bututun a hankali da handiraya ko tawul da aka tsoma a ruwan ɗumi, ana farawa daga wajen famfon. In an ga tsaga, a rufe babban makulli a kira mai gyara.

Roƙonmu ga ƙungiyoyin ɗalibai da na Hausawa mazauna can shi ne su sa wannan cikin abin da ake gaya wa baƙo tun kafin sanyinsa na farko. Mu kuma na gida, idan ɗan uwa ya bugo waya ya ce ya yanki tikiti, kafin mu jero masa tsarabar da muke so, mu tambaye shi yadda zai bar hitarsa da kuma wanda zai riƙa leƙa masa gidan.

Allah Ya kai kowa lafiya, Ya dawo da shi lafiya.