Kamu Ba Magani Ba Ne: Yaranmu Da Ƙwaya A Tambuwal Da Kebbe

Yau ku yi mini uzuri, mu jingine labarin soyayya mu taɓa wanda ke hana iyaye barci.

A Tambuwal ko Kebbe, idan aka kama yaro ya saci akuya ko waya, binciki aljihunsa, sau da yawa za ka tarar da tiramol ko ƙullin wiwi. Wani a gona ya koya, wai don ya jure ƙwadago, daga nan ƙwaya ta zame masa ubangida. Sai uba ya sayar da hatsi ya yi belinsa, uwa ta ɓoye zancen don kunya, bayan wata guda a sake kama shi. Shin barin kashi a ciki yana maganin yunwa?

A 2018 gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin, amma shaye-shaye bai tafi ba, domin an toshe kwalba ne, ba a warkar da mai sha ba. Wasu iyayen kuma gidan mari suke nufa. Mun ga abin da aka bankaɗo a Rigasa da Daura a 2019: sarƙa, tabon bulala da yunwa. Sarƙa tana riƙe ƙafa, ba ta cire ƙishin ƙwaya.

Ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, amma yana can arewa da birnin Sakkwato. Talakan Kuchi ko Dogon Daji da wane kuɗin mota zai riƙa kai ɗansa?

A ganina, a kawo maganin kusa. A ware ɗakin ba da shawara a asibitocin ƙananan hukumomin nan biyu, jami'an NDLEA da ma'aikatan lafiya su riƙa zama. Yaron da ya yi laifin farko, alƙali ya tura shi can maimakon gidan yari, inda zai cuɗanya da riƙaƙƙu. Sharaɗi guda: uba ko waliyyi ya rako shi kowane mako, liman da mai unguwa su sa ido, a kuma haɗa shi da mai koyar da sana'a. Dokar gyaran hali ta 2019 ta buɗe ƙofar hukunci ba tare da ɗauri ba, saura aiki da ita.

Iyaye, ɗan kuka shi ke jawo wa uwarsa jifa, gaskiya ne. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.