Kyanwarka tana son fita: ka bar ta?

Ɗan'uwa mai karatu, in kana da kyanwa, wadda wasu ke ce ma mussa, ka san halinta. Da magariba ta yi, sai ta tsaya bakin ƙofa tana kuka. Wasu su ce: "A bar ta, ai dabba ce." Ni ban yarda ba. Kyanwa da dare, gida ya kamata ta kwana.

Duba abin da ke jiran ta waje. Akwai karnuka. Akwai mota da kabu-kabu. Akwai kusu da ya ci guba gidan maƙwabci; in ta ci shi, ita ma gubar ta kama ta. In kuma ta kama ƴan tsakin maƙwabta, faɗa ya tashi ke nan.

Babban haɗarin shi ne ciwon haukan kare. In mahaukacin kare ya cije ta, tana iya kawo ciwon gida, ta ciji yaronka. Ciwon nan, in alamunshi suka bayyana, ba ya da magani.

Za ka ce mini: "To, wa zai kama kusu?" Ai kusun da ke cin hatsinka ba kan titi yake ba. Yana cikin mangaza da ɗakin ajiya. Nan ne wurin aikinta.

Amma tsarewa ba zalunci ba ce. Kar ka ɗaure ta da igiya. Malamai sun faɗa mana labarin matar da ta shiga wuta don ta kulle kyanwa ba ci ba sha.

Ga abin da za ka yi. Ka ba ta abinci kullum gab da magariba, za ta saba dawowa da kanta. Ka aje mata ruwa da tsohon kwano cike da rairai don kashi, kana canzawa. Da rana ta sha iska tsakar gida. In sabuwa ce, ta yi kamar sati 2 cikin ɗaki, har ta san gidan.

In ta kai wata 3, ka kai ta ma'aikatar kiwo, wato elbaj, a yi mata allurar haukan kare. Muzuru kuwa, in likitan dabbobi ya fiɗiye shi, yawonshi yana raguwa.

In kyanwa ta ciji mutum ko ta yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a tafi likita ranar nan. Kar a ce sai gobe.

Kyanwa tana tsaron abincinka. Kai ma ka tsare ranta. Rigakafi ya fi magani.