Tsargiya Ba Alamar Balaga Ba Ce

Idan zafi ya tsananta a Kaduna cikin Maris da Afrilu, yaran Kakuri da Makera da Barnawa sukan gangara bakin Kogin Kaduna su yi iyo. Wasu daga cikinsu, bayan 'yan watanni, sai su ga jini a ƙarshen fitsarinsu. Har yanzu akwai dattawan da ke cewa wannan alama ce ta yaro ya fara girma. Wannan zato kuskure ne, kuma yana jawo asarar ƙoda.

Cutar ita ce tsargiya, wadda Turawa ke kira bilharziya da sunan Theodor Bilharz, likitan Jamus da ya gano tsutsarta a Alƙahira a 1851. Idan mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen tsutsar sukan ƙyanƙyashe su shiga jikin dodon-koɗi. Bayan wasu makonni sai 'ya'yanta su fito da yawa, galibi da rana tsaka, daidai lokacin da yara ke wanka. Ba sai an sha ruwan ba. Fata suke hudawa. Sukan girma a jijiyoyin jinin hanta, sannan su tare a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara, inda sukan shekara uku zuwa biyar suna saka ƙwai.

Ƙwayayen nan su ne masu ɓarna. Kowanne yana da ƙaya, kuma waɗanda suka maƙale a bangon mafitsara jiki yakan yi ta yaƙarsu har wurin ya yi tabo ya ƙandare. Tabon yakan toshe hanyar da fitsari ke bi daga ƙoda, ƙodar ta kumbura. Tun 1994 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sanya wannan tsutsa cikin masu haddasa sankarar mafitsara. Ga 'yan mata kuwa ƙwayayen sukan raunata al'aura da mahaifa, kunya kuma ta hana su faɗa.

Magani yana nan, wato praziquantel: miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki, a sha sau ɗaya bayan cin abinci. Sai dai ba ya kashe tsutsar da ba ta balaga ba, ba ya kuma hana sabon kamu. Yaron da ya sha shi ranar Litinin ya koma kogi ranar Asabar ya koma gidan jiya.

Saboda haka bai kamata a bar aikin ga asibiti kaɗai ba. Malamin kimiyya shi ya fi kowa ganin yaran nan kullum. Ya dace ya tambaye su a keɓe, ba a gaban aji ba, ya tura mai jini a fitsari a auna shi. Ya kuma koya musu cewa ruwan kogi da aka ajiye kwana biyu ya tsira daga tsutsar, ana iya wanka da shi. Makarantar da ba ta da makewayi kuwa, hukumarta ta san inda fitsarin ɗalibanta yake ƙarewa idan ruwan sama ya sauka.