Mawaƙi Ba Ubangida: Shin Gambarar Ilmi Za Ta Ci Kasuwa A Ƙasar Hausa?

Tun kaka da kakanni, da ubangidansa aka san mawaƙin Hausa. Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa, makaɗan noma suna da sarkin noma, na dambe kuwa suna da 'yan dambensu. Ubangida shi ke ba da riga da doki da hatsi, mawaƙi kuma ya biya da yabo da zuga da zambo ga abokan gaba. A yau 'yan siyasa ne suka gaji wannan matsayi, har ta kai yaro mai basira ba ya ganin wata hanyar cin abinci da waƙa sai ya raɓu da mai neman kujera. To, ya 'yan'uwana ɗalibai, tambayar da ta kamata mu yi ita ce: saurayin Rawayau ko na Dutsin-Ma wanda Allah ya hore wa sarrafa harshe, ga shi kuma da son lissafi da kwamfuta, zai iya rayuwa da waƙa ba tare da ya yabi kowa ba? Ni a ganina zai iya, amma da sharaɗi.

Bari mu leƙa Amurka tukuna, inda waƙar gambara ta zamani ta tsiro a unguwannin baƙar fata cikin shekarun 1970. A shekarar 2000 wani mai tsara shafukan intanet, Damian Hess, wanda aka fi sani da MC Frontalot, ya raɗa wa irin waƙarsa suna Nerdcore, watau gambarar mutanen da karatu da na'ura da wasannin kwamfuta suka ɗauke wa hankali, waɗanda tsararrakinsu kan yi wa dariya a makaranta. Ya yi shekaru yana sakin waƙoƙi kyauta a intanet, bai fitar da faifansa na farko ba sai a 2005. Haka kuma Raheem Jarbo na birnin Filadelfiya, mai laƙabin Mega Ran, malamin makaranta ne. A 2007 ya gina faifai sukutum a kan wasan kwamfuta na Mega Man, kamfanin Capcom mai wasan kuwa, maimakon ya kai shi ƙara, sai ya ba shi izini. Duk da haka bai ajiye alli ba sai a 2011.

Waɗannan mutane ba su da babban kamfani a bayansu, ba su kuma da attajirin da suke yabo. Ubangidansu shi ne taron masu sauraro, kaɗan ne amma masu amana, waɗanda ke sayen faifai da riguna, suna kuma biyan kuɗin shiga wasa. Da yake kuɗin daga hannu dubu ya fito, babu hannu ɗaya da zai iya toshe musu baki.

Wani zai ce wannan al'adar Turawa ce, ina ruwan Bahaushe da waƙar na'ura? Mai faɗin haka bai binciki adabinsa ba. Malamanmu na da sun tsara waƙoƙin taurari da na hisabi cikin ajami domin ɗalibi ya haddace. Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji, ya yi wa keke waƙa. Mu'azu Haɗeja ya yi waƙar ilmin zamani. Alhaji Mamman Shata, ɗan Musawa a nan Jihar Katsina, ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa bayan saukar ɗan Adam a kan wata cikin 1969, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa ya waƙe karen mota da sauran talakawa waɗanda ba su da abin ba shi. Ashe ke nan waƙar ilmi da fasaha gadonmu ce, kiɗan ne kaɗai ya sake.

Amma kada mu ruɗi kanmu, hanyar tana da ƙaya. Nazir Ahmed Hausawa na Kano, wanda aka sani da Ziriums, yana cikin waɗanda suka fara gambara da Hausa ba tare da jingina da kowa ba. A 2009 waƙarsa Girgiza Kai tana cikin waƙoƙi 11 da wata kotu a Kano ta haramta, a lokacin da hukumar tace finafinai ta jihar ta matsa wa mawaƙa lamba. A 2010, yana Amurka, ta intanet ya fitar da faifansa. Mawaƙin da ba shi da ubangida ba shi da mai tsaya masa ranar da ya taka sawun manya. Ƙaya ta biyu kuwa mu ne da kanmu. Mukan kai waya wurin masu tura waƙa a bakin kasuwa, a cika mana ita da waƙoƙi ɗari a kan kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba, alhali ko kwabo ba ya isa hannun wanda ya kwana yana tsara baiti. Sa'an nan mu koma muna zarginsa da roƙo ranar da muka ji shi yana yabon ɗan takara. Wanda ya hana mawaƙi haƙƙinsa, shi ya tura shi ƙofar ɗan siyasa.

Saboda haka ga sharuɗɗan da na ambata. Na farko yana kan mawaƙin: ya riƙe karatunsa da sana'arsa, kamar yadda waɗancan Amurkawa biyu suka yi shekara da shekaru, gama albashin malanta ko ɗan abin da gyaran waya ke kawowa shi ne zai ba shi ikon cewa a'a. Kada a zubar da ruwan tulu don an ga hadari. Ya kuma waƙe abin da ya sani: wahalar jarrabawa, ɗaukewar lantarki ana tsakiyar aiki, ruwan madatsar Zoɓe da noman rani, yadda wayar hannu ta shiga ƙauye ta sauya ciniki da zance. Kwaikwayon bindiga da sarƙar zinari na wasu mawaƙan Amurka ba zai kai shi ko'ina ba.

Na biyu yana kanmu. Tun daga 2011 akwai Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma, ga kuma Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita. Dubban ɗalibai da malamai da ƙananan ma'aikata da ke tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi sun isa su zama ubangidan da ba ya neman yabo. Ya kamata ƙungiyar ɗalibai ta riƙa shirya gasar gambarar ilmi kowace shekara, a sa kuɗin shiga, a kuma miƙa kuɗin ga mawaƙan a bainar jama'a. Sashen Hausa da sassan kimiyya su haɗa kai da su wajen ƙirƙiro kalmomi, domin kalmar da ta shiga waƙa takan riga wadda ke cikin ƙamus isa kasuwa da gona. Ma'aikacin da ke karɓar albashi kuwa ya ji kunyar sauraron waƙar da bai biya ba.

Abin da ke cikin wannan magana ya wuce nishaɗi. Idan muka bar basirar samarinmu ta ƙare a yabon masu mulki, za mu wayi gari da harshe mai arzikin kirari amma matalauci wajen bayyana ilmin zamani, kuma laifin ba na mawaƙa kaɗai zai zama ba. Allah ya ba mu ikon gyarawa, amin.