Lafiyar bisashe: in mussa ta fara ɓata ɗaki

Ƴan uwa manoma da makiyaya, a wannan wata za mu yi magana bisa mussa, wadda wasu ke kira kyanwa ko mage. Ita ce mai gadin rumbu. Gidan da babu mussa, kusu ne ke fara cin hatsi kafin mai gida.

Kowa ya san mussa da tsabta. Tana tona rairayi, ta yi kashi ko fitsari, ta rufe. A birni ma, tasa cike da rairayi ake aje mata. To, in wata rana ta bar wurin da ta saba, ta koma yi bisa tabarma ko cikin ɗaki, kada a yi saurin ɗaukar sanda. Ruwa ba ya tsami banza. Sau da yawa ciwo ne, ba ƙeta ba.

Na farko, ciwon mara. Mafitsararta na iya kumbura, ko tsakuwa ta taru a ciki. Sai ka gan ta tana yawan tsugunawa, fitsari na fitowa ɗigo-ɗigo, wani lokaci da jini. Tana kuka, tana lasar gabanta. Saboda zafin da take ji, sai ta tsani wurin da ta saba, ta nemi wani.

Ga muzuru abin ya fi muni, don hanyar fitsarinsa siririya ce, tana iya toshewa. In ya yi ta yunƙuri babu abin da ya fito, a kai shi gidan likitan bisashe a ranar. In an bar shi kwana 2 ko 3, yana iya mutuwa.

Na biyu, ciwon ƙoda da ciwon suga. Sun fi kama tsofaffin mussoshi. Alamarsu ita ce yawan shan ruwa, da yawan fitsari, da rama.

Na uku, ciwon ciki. Tsutsar ciki ko ruɓaɓɓen abinci suna sa zawo, har ta kasa riƙewa. Taurin kashi ma yana sa ta yi inda ta samu.

Na huɗu, tsufa. In gaɓoɓinta suna ciwo, ba ta iya tsallake dokin ƙofa ko hawa katanga, sai ta yi kusa da inda take kwance.

Amma in muzuru ya tsaya tsaye, ya ɗaga wutsiya, ya fesa fitsari kaɗan a bango, wannan yawanci ba ciwo ba ne. Shaida yake bari don sauran muzurai su san wurinsa ne.

Abin bai tsaya ga mussa kaɗai ba. Kashinta na iya ɗaukar wata ƙwayar cuta da ido ba ya gani. In ya gauraya da dusa ko harawa, tumaki da awaki masu ciki suka ci, suna iya yin ɓari. In mace mai ciki ta kamu, cutar na iya taɓa jariri. Yaran da ke wasa cikin rairayi kuma suna iya ɗaukar ƙwan tsutsa. Ƙwayar ba ta fara kama mutum sai kashin ya yi kwana 1 zuwa 5 a ƙasa. Shi ya sa kwashewa kullum ke da amfani.

Ga abin da za a yi:

1. A aje mata ruwa mai tsabta a inuwa, musamman da bazara.
2. A ware mata wuri mai rairayi, nesa da murhu da rijiya da abincin bisashe.
3. A kwashe kashin kowace safiya, a binne, a wanke hannu da sabulu. Kada mai ciki ta yi wannan aiki.
4. A rufe dusa da hatsi.
5. Kada a ba ta maganin mutane. Ƙwaya guda ta farasitamol tana iya kashe mussa.
6. In an ga jini, ko yunƙuri, ko rama, a nemi likitan bisashe.

Duka ba ya warkar da ciwo, tsoro kawai yake ƙara mata. Wadda ke tsare mana cimaka dare da rana ta cancanci a duba lafiyarta. Wanda ya karanta, ya faɗa wa wanda bai iya karatu ba tukuna.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.