Motocin Beljiyam: Wa Yake Duba Lafiyarsu Kafin A Biya Kuɗi?

Tun daga watan Yuni na shekarar 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya saki Naira ta nemi darajarta da kanta a kasuwa, sayen mota ya zama wani babban al'amari ga ma'aikacin Gwamnati. Dalar Amurka wadda a dā ake canzawa a hukumance a kan Naira 460 da 'yan kai, kafin ƙarshen watan Fabrairu na 2024 ta haura Naira 1,500. Da yake kuwa da dala ake sayo motar a can ƙetare, da dala ake biyan jirgin ruwan da ya ɗauko ta, kuma da ita ake ƙiyasta kuɗin fito a tashar Apapa ko Tin Can, sai farashin tsohuwar mota ya tashi fiye da yadda albashi zai iya bin sa. Mutumin da ya yi shekara huɗu ko biyar yana zuba adashi, ko ya ci bashin ƙungiyar gama-kai ta ofishinsu, in ya yi kuskure sau ɗaya wajen zaɓen mota, to, da wuya ya sake samun zarafin gyara wannan kuskure kafin ya yi ritaya.

Dattawan ma'aikata suna iya tuna lokacin da ba haka abin yake ba. A 1975 aka buɗe kamfanin harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, kuma a waɗannan shekaru ma'aikacin da ya kai wani matsayi yakan karɓi rancen mota ya fito da 504 sabuwa fil, da takardar lamuni daga kamfani. Bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 da karyewar darajar Naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin mai albashi, sai aka koma ga tsofaffin motocin Turai waɗanda ake lodawa a tashar Antwerp ta ƙasar Beljiyam. Daga nan sunan ya samo asali a Arewa, mutanen Kudu kuma suka ce tokunbo. Yau mafi yawan waɗannan motoci daga Amurka suke fitowa, amma sunan bai canza ba.

To, abin da ya kamata mai karatu ya tsaya ya yi tunani a kai shi ne wannan: daga ranar da motar ta bar hannun mai ita na farko har ranar da ta iso filin dillalai a Kano ko Kaduna ko Abuja, wane ne a cikin masu hannu a kanta yake da alhakin duba lafiyarta domin amfanin wanda zai saya? Mai gwanjo a Amurka so yake ya rabu da ita. Mai jirgin ruwa kuɗin dako ne nasa. Jami'in kwastan kuɗin fito yake lissafawa, ba aikinsa ba ne ya taka birki ya ji ko yana kamawa. Dillali kuwa la'adarsa yake jira. Watau dai duban nan, in mai saye bai sa an yi masa shi ba, babu wanda zai yi.

A watan Oktoba na 2020 Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da wani rahoto da ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 ƙasashen Tarayyar Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufo. A cikin rahoton akwai binciken da hukumomin ƙasar Holan suka yi a kan motocin da ake fitarwa daga tashoshinsu, inda suka tarar mafi yawansu ba su da takardar shaidar cancantar hawa titi, kuma kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka turo Nijeriya sun kusa shekara 20 da ƙerawa. Motar da ba a yarda ta bi titi a ƙasarta ba, ita ce a nan za a wanke, a goge, a ce da mai saye ai wata tsohuwar Baturiya ce ta riƙe ta, coci kawai take zuwa da ita.

Sha'anin motocin Amurka ya fi wannan sarƙaƙiya. A can, idan mota ta yi haɗari ko ruwa ya ci ta, kamfanin inshora yakan auna kuɗin gyara da darajar motar. In ya ga gyaran bai biya ba, sai ya biya mai ita, a sauya takardar mallakarta zuwa ta motar da aka yi asararta, a kai ta gwanjo a kamfanoni irin su Copart da IAA. Daga irin wannan gwanjo ne 'yan kasuwarmu da yawa suke saye, kuma tsadar dala ta ƙara tura su can, domin nan ne kaɗai jarinsu zai kai. A yi adalci, ba kowace motar gwanjo ce matacciya ba. Ladan makaniki a Amurka yana da tsada ƙwarai, saboda haka motar da ƙofa da fitila kawai ta rasa tana iya faɗawa gwanjo alhali injinta da ƙashin jikinta lafiya lau suke. Laifin yana wajen ɓoyewa. Wanda aka gaya masa gaskiya ya saya a kan farashin da ya dace, ya san abin da ya saya. Wanda aka sayar masa da motar da aka yanke aka haɗa da walda a kan kuɗin lafiyayyiya, shi aka cuta, kuma shi da iyalinsa ne za su kasance a ciki ranar da waldar za ta saki a kan hanyar Zariya.

Motar da ruwa ya ci ta fi duka haɗari ga aljihu, domin kyan ɗan maciji ne da ita. Guguwar Harvey da ta mamaye birnin Houston a watan Agusta na 2017, da guguwar Ian da ta faɗa wa jihar Florida a watan Satumba na 2022, kowace ta nutsar da motoci dubu ɗaruruwa, kuma da yawa daga cikinsu sun bi ta gwanjo. Irin wannan mota ba ta da lotsawa ko ƙwarzane. Tana iya tashi da ɗaukar makulli ɗaya, ta yi wata uku ba ta ce uffan ba. Amma ruwan, musamman na gishiri, ya riga ya shiga mahaɗar wayoyi da kwamfutocin da suke sarrafa inji da giya da birki, tsatsa kuma tana cin su a hankali, har ranar da za a fara yawo daga mai waya zuwa mai waya ba a gano bakin zaren ba. Mai duba na ƙwarai yakan ɗaga shimfiɗar ƙasa ya shinshina, ya leƙa ramin safayar taya da ƙarƙashin kujeru ya nemi laka da tsatsa a kan ƙusoshi, ya jawo bel ɗin kujera har ƙarshe ya ga ko akwai zanen ruwa a jikinsa. Yawan turare a cikin motar sayarwa shi kansa abin tuhuma ne.

Kafin ma a kai ga taɓa motar, akwai binciken da ɗalibi mai wayar hannu zai iya yi wa mahaifinsa. Kowace mota da aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga 1981 tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ake kira VIN. Ana ganinta ta ƙasan gilashin gaba a ɓangaren direba, da kuma a jikin ginshiƙin ƙofa, kuma dole ta zama iri ɗaya a ko'ina har da takardu. Babu haruffan I da O da Q a cikinta, na goma a jerin kuwa shi ne yake nuna shekarar samfurin, abin da yake tona asirin masu canza fitilu da bamba su mai da motar 2008 ta koma ta 2012. Da wannan lamba ana iya sayen tarihin motar daga Carfax ko AutoCheck a ga haɗurran da aka rubuta mata da nisan tafiyar da aka gani a mitarta a lokuta dabam-dabam. Sau da yawa ma in aka rubuta lambar a intanet sai hotunan motar a filin gwanjo su fito, da gabanta a ragargaje. Motar da tarihi ya nuna ta yi mil 190,000 shekara biyu da suka wuce, yau kuma mitarta tana nuna 85,000, ba ta bukatar wani dogon bayani. Sai dai a lura, rahoto mai tsabta bai wanke mota ba, domin abin da ba a kai rahotonsa ba ba zai fito ba. Har wa yau da lambar ake gane ko motar tana cikin waɗanda aka yi kiran a mayar don sauya jakar iska ta kamfanin Takata, wadda zafi da laima suke lalatawa har ta fashe da ɓaraguzan ƙarfe a fuskar direba. Zafi kuwa ba mu rasa shi ba.

Sa'an nan a zo ga makaniki, kuma a nan ne yawancin masu saye suke faɗawa rami. Al'adar da aka saba ita ce mutum ya tafi da makanikinsa, ko kuma dillali ya ce ga wani nan kusa ya duba. Sanannen abu ne a wannan kasuwa cewa makanikin da ya raka mai saye yakan sami nasa kason daga hannun mai sayarwa idan ciniki ya faɗa. Mutumin da abincinsa na ranar ya rataya a kan a saya, yaya za a yi ya ce kada a saya? Bugu da ƙari, shi ne zai riƙa gyaran motar nan gaba, saboda haka lalacewarta ba asararsa ba ce. Maganin wannan shi ne mai saye ya biya ladan dubawa daga aljihunsa, a yanke shi tun kafin a tafi, a kuma fahimci cewa ko an saya ko ba a saya ba ladan yana nan. Mai hankali zai biya ladan duba motoci uku ya bar biyu, ya fi masa sauƙi da sayen giya ɗaya.

Duban kansa ba na minti goma ba ne a tsakiyar fili. A je da safe a tarar da injin da sanyinsa, domin injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye ƙara da hayaƙi. Shuɗin hayaƙi alama ce ta inji mai shan baƙin mai. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya yankewa, ko baƙin mai da ya koma kamar madara, alama ce ruwa yana shiga inda bai kamata ba. A ɗaga motar sama a gareji a duba ƙashin ƙarƙashinta, a nemi sabuwar walda da wurin da aka miƙar da ƙarfe, a tabbata ba a cire abin tace hayaƙi da makanikai suke kira indomi ba, domin ana sace shi saboda ƙarafa masu tsada da suke cikinsa. A sa na'urar kwamfuta a karanta laifuffukan da injin ya ajiye, a kuma lura ko an goge su ne jim kaɗan kafin zuwan mai saye. Fitilar jakar iska ta kamata ta kama idan an murɗa makulli, ta mutu bayan 'yan daƙiƙoƙi. Wadda ba ta kama ba sam, wataƙila an kashe ta ne don a rufe cewa jakar ta riga ta fashe ba a mayar ba. Daga nan a hau titi a yi tafiya mai ɗan nisa har giya ta shiga duka. Dillalin da ya ƙi yarda a fita da mota zuwa garejin da mai saye ya zaɓa ya riga ya ba da amsa.

Takardu su ma wani fage ne. Tun daga 1 ga Janairu 2017 Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, abin da ya sa motocin Kwatano da yawa suka riƙa shigowa ta barauniyar hanya da takardun jabu. Ranar da kwastan suka tare motar a hanya, wanda take hannunsa shi zai amsa, dillali ya daɗe da cin kuɗinsa. Yawan irin waɗannan motoci ne ya sa a watan Maris na 2024 Hukumar Kwastan ta ba da wa'adin kwana 90 ga masu su su je su biya abin da ake bin su. Akwai kuma motocin sata: a watan Satumba na 2024 hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka sato daga can aka kawo Nijeriya. Saboda haka a kai takardun fito ofishin kwastan a tantance su kafin a biya ko kwabo, a kuma rubuta yarjejeniyar ciniki da lambar shasi a ciki da shaidu.

Amma shin daidai ne a bar wa mai albashi wannan nauyi shi kaɗai? Ƙasar Kenya ba ta karɓar motar da ta wuce shekara takwas, kuma hukumar ingancin kayayyakinta takan sa a duba motar tun a ƙasar da za ta fito, kamar Japan, kafin a loda ta a jirgi. Majalisar dokokin Ghana ta zartar da doka a 2020 da ta hana shigo da motocin da suka yi mummunan haɗari da waɗanda suka wuce shekara goma, sai dai matsin 'yan kasuwa ya sa aka dakatar da aiwatar da ita a lokacin. Ƙungiyar ECOWAS kuma ta tsayar da ƙa'idar hayaƙi ta Euro 4 ga motocin da za a shigo da su daga Janairun 2021. A ganinmu, hana shigo da motocin gwanjo baki ɗaya zai ƙara tsada ne kawai, ya kuma ƙara wa 'yan fasa-ƙwauri kasuwa. Abin da ya fi dacewa shi ne a tilasta bayyanawa. Hukumar Kwastan tun 2022 take amfani da lambar shasi wajen ƙiyasta kuɗin fito, ke nan lambar tana hannunta; ba wani abu mai wuya ba ne a buga a kan takardar fito cewa wannan mota ta haɗari ce ko ta ambaliya, yadda duk wanda ya saye ta nan gaba zai gani.

Kafin a kai ga haka, akwai abin da ma'aikata za su iya yi wa kansu. Ƙungiyoyin gama-kai na ma'aikatu da makarantu suna ba da bashin da ake sayen motocin nan da shi. Suna iya sa sharaɗi cewa ba za a saki kuɗi ba sai an kawo rahoton dubawa a rubuce daga wanda ƙungiyar ta amince da shi, wanda ba ya sayar da mota kuma ba ya karɓar la'ada. Kwalejojin fasaha namu suna yaye ɗalibai masu ilimin injin mota kowace shekara, da yawansu suna zaune babu aiki, alhali na'urar karanta laifin inji da ma'aunin kaurin fenti da mutum zai fara wannan sana'a da su ba su kai kuɗin tayoyi huɗu sababbi ba.