Ciwon Dajin Yara: Ɗaliban Hausa, Akwai Aiki a Gabanmu

A unguwarmu da ke Mararaban Rido, wani yaro ɗan shekara shida ya wayi gari muƙamuƙinsa ya kumbura. Aka ce haƙori ne, aka sayo ƙwayoyi a kemis. Da kumburin ya ƙi saɓewa, sai aka ce ai daji ne, kuma daji ba ya son allura, aka koma jiƙe-jiƙe. Kafin a kai shi asibitin koyarwa na Shika, ciwon ya riga ya ci jiki. Bai yi wata biyu ba ya rasu.

Likitoci sun ce sankarar Burkitt ce, wadda likita Denis Burkitt ya bayyana a Uganda a 1958. Ta fi yawa a inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, kuma tana jin magani sosai idan an tare ta da wuri.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin yara 400,000 ke kamuwa da ciwon daji a kowace shekara. A ƙasashe masu arziki, fiye da kashi 80 cikin ɗari suna warkewa, amma a yawancin ƙasashe irin namu waɗanda ke tsira ba su kai kashi 30 ba. Shi ya sa a 2018 hukumar ta ƙuduri kai adadin kashi 60 nan da 2030.

Haƙiƙa tsadar magani da nisan asibiti nauyi ne a wuyan gwamnati. Amma a ganina, jinkirin da rashin sani ke haifarwa namu ne. Daga Kaciya har Kafanchan, Bajju da Atyap da Adara da Fulani duk da Hausa suke ciniki, da ita ake wa'azi a coci da masallaci. Ni ma a kasuwa na fara koyonta. To, me zai hana mu rubuta alamomin ciwon da ita? Kumburin muƙamuƙi, farin ɗigo a ƙwayar ido, ƙullutu a ciki, zazzaɓin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Ina kira ga ƙungiyarmu ta nemi haɗin kan ɗaliban likitanci, mu shirya gajeren wasan kwaikwayo na rediyo kafin 15 ga Fabrairu, ranar ciwon dajin yara ta duniya. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya sa mu dace.